Shayin da Na Ba Ta Ranar Gwajin Suga

Jikana yana cin tuwo da hannun hagu. Shekarunsa huɗu yanzu, kuma duk baƙon da ya zauna kusa da shi sai ya ce, "Kai, da dama ake ci." Yaron yakan ɗaga ido ya dubi mai maganar, ya ci gaba da lomarsa. Hannunsa na dama yana riƙe abu, har igiyar akuya yana ja da shi, amma ba ya kaiwa baki. Mutanen gidanmu suna cewa haka Allah ya yi shi. Ban musa ba. Sai dai na san inda nawa hannun ya shiga cikin lamarin.

Ni mai sana'ar hatsi ce. Da kwano guda na gero na fara a tsakar gida, yau ina da ɗakin ajiya, kuma masu motar Ɗambatta sun san ƙofata. Gero, dawa, wake, gyaɗa, duk ina saye da kaka in ajiye. Ba a taɓa sayar mini da buhu don ya yi kyau a ido ba. Akwai wani ƙarfe mai rami da muke soka wa buhu mu zaro ƙwaya daga tsakiyarsa, nawa yana ƙulle a bakin zanena kullum. Manomi zai iya zuba mai kyau a sama ya ɓoye mai ƙwari a ƙasa, to ni sai na soka sau uku kafin in ce uffan. A gefe ina kiwon raguna saboda babbar sallah, kuma duk unguwar an san ragon gidana da cika ido.

Uwar yaron nan 'yar farina ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. Alkunya ce, haka muka taras. Ni kuwa na riƙe ta da ƙarfi fiye da yawancin mata, don ina alfahari da a ce ina da kunya duk da shigata kasuwa. Yarinyar a hannun mahaifiyata ta tashi tun daga yaye, sai da tsohuwar ta rasu ta dawo gabana, tana budurwa. Ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, in kuma da mutane sai in ce "wannan yarinyar". In ina son ta ji magana, bango nake fuskanta in faɗa. Abin da ya rage mini in nuna mata ina sonta shi ne abinci. Ta san haka, shi ya sa ba ta taɓa mayar mini da kwano da saura ba.

Da aka yi mata aure an kai ta Rijiyar Zaki, mijinta malamin makaranta ne, mai hankali. Da cikinta na fari ya shiga wata na bakwai mijin ya kawo ta gida goyon ciki, ta haihu a gabanmu kamar yadda ake yi. Ƙarshen damina ne, gero ya fitar da kai, hanyar da ta bi tsakanin gonaki ta matse har mota tana gogar kara. Da ya zo sallama ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina ya ce, "Inna, akwai wani gwaji da aka ce ta yi. Wajen awo sun ga alamar suga a fitsarinta. Tana da kati, sai ta kai babban asibitin nan na gari."

Na ce, "To, Allah ya ba da lafiya." Ban ƙara ba. Suruki ne, maganar kuma ta cikin 'yar fari ce. Ko ina son tambaya, bakina ba zai buɗe ba.

Abin da na gani shi ne wuyanta. Na dube ta ta wutsiyar ido na ce a raina, birni ya tsotse yarinyar nan. Har ina jin kamar dangin mijin suna cewa an kai ta gidan mai hatsi ta dawo kamar kara. Washegari na ɗora tukunya. Da safe koko da suga da ƙosai. Da hantsi kunun gyaɗa, in fasa mazarƙwaila a ciki. Da rana shinkafa da wake, in biyo da fura da nono, ita ma da suga. In na dawo daga kasuwa ina ɗauke da dabino da lemon kwalba. Ba na miƙa mata. A bakin ƙofarta nake ajiyewa in ce wa bango, "Abincin mutane na hucewa." In ji ta ce, "Sannu, Inna," hannu ya fito ya ja kwanon.

Ranar da ta shirya zuwa gwajin na ga ta fito da mayafi tun rana ba ta ɗaga ba, ba ta taɓa kokonta ba. Na tsaya a tsakar gida ina shara na ce, "Ba a fita gidan nan da cikin wofi." Ta koma ta shanye. Da ta dawo wajen azahar na ji tana gaya wa babanta, Malam, cewa an ce ta koma wani makon. Ban tambayi dalili ba. Malam ma bai tambaya ba, shi nasa ganin lamarin mata ne.

Makon ya zagayo. Wannan karon da aka idar da sallar asuba na ji motsin takalminta, tana tafiya a hankali kamar mai gudun tada kaji. Ni kuwa na riga na hura wuta, shayi yana kan murhu. Na zuba a babban kofi, na sa madara, na sa suga cokali uku, na yanko burodi, na tare ta a bakin zaure. Na ajiye a ƙasa tsakaninmu.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, sun ce kada a ci komai kafin a je."

Na ji ta. Ba zan ce murya ta yi ƙasa ba, ko kuma ban fahimta ba. Na ji kowace kalma. Kuma wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi mini a kan jikinta. Da na juyo na ce mata, "Don me?" da ta yi mini bayani. Amma sai na ji kamar an ce abincina ne ba a so, na kuma tuna maƙwabta za su ga mai ciki ta fita gidana ba karin kumallo. Na dubi ginin zaure na ce, "Masu asibiti ba su san yunwar mai ciki ba. Ruwan shayi ai ba ci ba ne."

Ta durƙusa da ƙyar saboda cikin, ta ɗauki kofin ta shanye, ta ci burodin. Na tsaya sai da na ga gindin kofin. Da ta dawo ban tambaye ta yadda aka yi ba. Na ɗauka an gama.

Daga nan kaka ta kama, hankalina ya tafi kasuwannin ƙauye. Cikin ya yi ta girma. Mata masu zuwa sayen gero sukan leƙa ɗakinta su fito suna dariya. Ƙawata, wadda muke tafiya kasuwa tare tun muna amare, ta ce, "Ke, tagwaye kika ƙulla mana ko ɗan maraƙi?" Na ce, "Ni me na sani, ku da kuka gani." Amma raina fari tas. Yarinyar tana shan ruwa kamar mai aikin gona, tana zagayawa bayan gida ba adadi, ƙafafunta sun kumbura. Na ce haka ciki yake. Wata rana da hantsi na shiga makewayi bayan fitarta na ga kiyashi sun yi layi zuwa inda ta tsuguna. Na san kiyashi. Na san abin da suke bi a ɗakin ajiyata. Na tsaya na dube su, sannan na ɗebo ruwa a buta na kore su, na fita na ci gaba da aikina.

Naƙuda ta zo mata ranar wata Laraba da safe. Unguwarzoma ta zo, ta duba, ta zauna da ita har rana ta take tsaka, sannan ta fito ta same ni a madafa ta ce, "Hajiya, wannan ba tawa ba ce. A nemo mota." Al'ada ta ce uwa ba ta tsayawa wajen haihuwar 'yar fari. Na ɗauki mayafina na shiga motar, ban tsaya jin wa zai ce me ba.

A asibiti aka shige da ita, ni da ƙawata muka zauna a benci. Na ji ana kiran ma'aikata da sauri, wata ta wuce da gudu, wata ta biyo ta. Daga baya aka gaya mana kan yaron ya fito, kafaɗa ta maƙale. Sun sha fama kafin su zaro shi. Ita ta ƙaru sosai, ta zubar da jini, sai da aka yi mata ɗinki da ƙarin ruwa. Kukan jaririn bai zo da wuri ba. Da ya zo, ƙawata ta ce alhamdulillahi ta riƙe hannuna.

La'asar ta yi wata nas ta fito riƙe da kati. Ba ta kai sa'ar ƙanwata ba, amma ta kwana biyu a aikin, da ganin yadda take tafiya. Ta ce, "Wace ce mahaifiyarta?"

Shekara ashirin da 'yan kai ban taɓa amsa wannan tambayar da bakina ba. Ƙawata ta zungure ni ta ce, "Ga ta nan, kunya take ji."

Nas ta ce, "Mama, a ajiye kunya tukuna, magana za mu yi." Ta zauna kusa da ni. Ta ce yaron yana da rai, uwar ma za ta tashi in Allah ya so. Amma yaron ya yi girma fiye da ƙima, kuma wajen fitowa jijiyar kafaɗarsa ta dama ta taɓu, hannun ba ya motsi. Ta ce yanzu haka sugan jininsa ya faɗi, jikinsa yana karkarwa, suna ba shi taimako suna dubawa a kai a kai, ba za a sallame su da wuri ba.

Na ce, "Jariri da suga?"

Ta ce, "Na uwar ne ya jawo. Mun gwada jininta da aka kawo ta, yana sama sosai. Akwai ciwon suga da ciki yake kawowa, mace ba ta da shi a da, sau da yawa ma ba ta jin komai a jikinta. Sugan da ya yi yawa a jininta yana wucewa wajen ɗan, shi kuma ya yi ta ƙiba. Jikinsa ya saba da kwashe suga mai yawa, to da an yanke cibiya sai abin ya katse, nasa ya faɗi ƙasa." Ta buɗe katin a cinyarta. "Ga shi an rubuta mata gwaji. Gwajin nan sai da cikin wofi ake zuwa. A ɗebi jini, a ba ta wani ruwa mai zaƙi ta sha, ta zauna awa biyu ana sake ɗiba, a ga yadda jikinta yake yi da shi. In ta ci abu kafin ta zo, ba za a gane gaskiya ba. Ta zo sau ɗaya ta ce ta sha koko, aka ba ta wata rana. Ba ta dawo ba."

Na ce, "Da an gane fa?"

Ta ce, "Da an gyara mata abinci, an rage zaƙi da yawan tuwo da shinkafa, ta riƙa ɗan tattaki, ana auna ta. Wasu da wannan kaɗai ake shawo kansa, wasu sai an haɗa da magani ko allura. Kuma da mun san girmansa tun da wuri, da mun shirya yadda za a haife shi. Mama, me take ci a gida?"

Ƙawata ta buɗe baki za ta yabe ni. Na taka ƙafarta. Na lissafa wa nas da kaina, tun daga koko har lemon kwalba, ban rage ko dabino ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Ba ke kaɗai ba ce, da yawa gata suke nufi." Ta tashi ta koma ciki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana shida muka yi. Sugan yaron ya daidaita a kwana na biyu, sai kuma shawara ta kama shi, idonsa ya yi ɗorawa, aka sa shi ƙarƙashin wata fitila. Ina zaune ina kallon hannun nan a miƙe a gefensa, na hagu yana ta wutsil-wutsil, na dama kamar ba nasa ba. Na gaya wa Malam abin da nas ta ce, har da shayin. Ya ce, "Ƙaddara ce. Ki nemi gafarar Allah, ki bar maganar." Na nemi gafarar, barin maganar ne ya gagare ni.

Ranar suna gida ya cika. An naɗe yaron a zani, ba mai ganin hannun. Mata suna karɓarsa suna cewa, "Tubarkalla! Wannan ai ɗan wata uku ne." Wata gwaggon mijin ta ɗaga shi sama ta ce, "Hajiya, kiwon naki bai tsaya kan raguna ba ashe! Duk mai ciki a danginmu nan za mu riƙa kawo ta." Aka kwashe da dariya, ana guɗa. Wannan ce maganar da na yi wata biyu ina dafa abinci don in ji. Na shige ɗakin ajiya na zauna kan buhun dawa har aka kira ni rabon waina.

Nas ta ce bayan arba'in a dawo da ita a sake gwajin, don a ga ko ciwon ya tafi da cikin ko ya zauna. Cikin kwanakin jegon na yi mata kunun kanwa ba suga, na yawaita mata ganye da wake da nama. Ƙawata ta ɗanɗana kunun ta yamutsa fuska ta ce, "Wannan mai jego kike wa ko horo?" Na ce ta ajiye in ba ta sha.

Ranar gwajin ban hura wuta ba. Na goya yaron da kaina, ni ma ban sa komai a bakina ba, muka fita bakin titi muka hau motar haya. Muna zaune a kujerar baya, kafaɗarmu tana haɗuwa. Gonaki duk an girbe, sai kara a tsaye da tarin harawa a kan bishiyoyi. Na daɗe ina juya maganar. Sannan na juyo na dube ta a fuska, abin da ban saba ba, na ce, "Ran da na ba ki shayi, me suka ce miki a asibitin?"

Ta ce, "Ban shiga ba, Inna."

"Ina kika je?"

"Na zauna ƙarƙashin wata darbejiya a bakin ƙofar asibitin har rana ta yi. Na ji kunyar in sake ce musu na ci. Za su ce wace irin mace ce wannan ba ta jin magana. In kuma na ce ban ci ba, na yi ƙarya."

"Me ya hana ki zubar da shayin?"

Ta ɗan yi murmushi, idonta ya kawo ruwa. "Kina tsaye fa. Kuma ke kika dafa."

Na ce, "Na ji abin da kika faɗa ran nan. Na ji sarai. Laifina ne, ki yafe mini."

Ta ce, "Haba Inna, don Allah ki daina." Ta rufe fuska da mayafi. Wata tsohuwa a gabanmu ta waiwayo ta ce, "Lafiya, bayin Allah?" Na ce, "Lafiya lau, 'yata ce." Tsohuwar ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta juya.

Awa biyu da wani abu muka yi a benci, ana kiranta ana ɗibar jini. Sakamako ya nuna sugan ya sauka. Aka ce kada ta saki jiki, wadda ta yi shi da ciki yana iya dawo mata daga baya ya zauna, ta riƙa gwaji lokaci-lokaci, kuma in ta sake samun ciki ta faɗa tun zuwan farko. Yaron aka tura mu wajen masu gashin ƙashi a Kano. Shekara biyu ana kai shi, an koya wa uwar yadda za ta riƙa motsa masa hannun a gida. Yatsun suka farfaɗo, gwiwar hannun ta ɗan lanƙwasu, kafaɗar ce ta tsaya inda ta tsaya.

Yaron yana zuwa mini hutu. Ina ce masa maigidana, yana ce mini matarsa ta tsufa zai sake wata. Kwanan baya wani dattijo abokin Malam ya zo, aka kai musu tuwo zaure, yaron ya zauna tare da su. Ina daga ciki na ji dattijon yana cewa, "Kai, ba a koya maka ba? Sa dama." Da can nakan yi shiru in bar Malam ya ce lalura ce. Ran nan na leƙa na gaishe shi na ce, "Alhaji, a bar shi ya ci. Hannun ba ya kaiwa, wajen haihuwa ya samu, kuma da sa hannuna a ciki." Malam ya dube ni. Dattijon ya ce, "Subhanallahi, Allah ya ba shi lafiya," ya tura wa yaron tsokar nama gefen hagunsa.

Yanzu uwarsa tana da wani cikin, wata uku. Mijin ne ya fara sanar da Malam, amma ni ban jira a kawo mini labari ta zaure ba. Na ɗauki waya na kira ta. Sunanta har yau bai saba da bakina ba, sai na ce, "Ke, kin gaya musu na wancan karon?"

Ta ce, "Na gaya musu, Inna. Sun ce wannan karon da wuri za a yi gwajin. Ran Litinin."

Na ce, "Tun daren Lahadi kada ki ci komai bayan lokacin da suka ce miki. Zan taho da motar farko."

Ta ce, "Litinin fa kina da kasuwa."

Na ce, "Na sani. Ki jira ni a ƙofar gida."